Maɓallan Hogwarts Legacy sun rikita ni, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na fara buga Hogwarts Legacy a PS5, amma da zarar faɗa ya kaure sai yatsuna su ruɗe. In nufi tare hari, sai in ga na jefa wuta, kafin in farga an kashe ni. Yaya zan yi in riƙe maɓallan?

Amsa: Barka kadai. Daga bayaninka, matsalar tana wurin R2, wato maɓallin baya na hannun dama da ake ja da yatsa. A wannan wasa, wanda kamfanin Avalanche Software ya yi, ya kuma fito a Fabrairun 2023, maɓallai huɗu na hannun dama aiki biyu kowannensu yake yi. In ba ka taɓa R2 ba, alwatika garkuwa ce, wato Protego, da'ira kaucewa, X tsalle, murabba'i kuma ɗaukar abu ko buɗe ƙofa. In ka danne R2 ka riƙe, duka huɗun sun tashi daga wannan aiki, kowanne ya koma jefa sihirin da ka ɗora masa. To, R2 ɗin nan dai shi ake ɗan dannawa a saki don harbi na yau da kullum, shi ya sa yatsa yake manne masa cikin zafin faɗa. Kana danna alwatika yatsanka na kan R2, wasan ya ɗauka sihiri ka nema. Abin da za ka fara koya wa hannunka ke nan: ɗaga yatsa daga R2 tukuna, sannan ka tare.

Sai ka lura da hasken da ke bayyana a kan ɗan wasanka kafin hari ya iso. In rawaya ne, danna alwatika. In ka ci gaba da riƙe ta bayan ka tare, zai mayar da martani da Stupefy, abokin gaba ya jirkice na ɗan lokaci. In ja ne, garkuwa ba ta tare shi, da'ira kawai. A ganina wanda ya ƙware a waɗannan biyun ya ci rabin faɗa, ko da sihirinsa uku ne.

Wajen jera sihiri kuma, kada ka zuba su yadda suka zo. Abokan gaba kan lulluɓe kansu da garkuwa mai launi, kuma sihiri mai irin launin ne ke fasa ta: Levioso na rawaya, Accio na shunayya, Incendio na ja. Ka ba kowane launi mazauni guda, misali ja kullum a kan da'ira, rawaya a kan alwatika. Nan gaba za ka buɗe ƙarin jeri har su kai huɗu, ana sauya su da R2 haɗe da maɓallan kibiya, kuma in ka bi tsari ɗaya a dukkansu, babban yatsanka zai riƙa zuwa wurin da kansa ba sai ka duba allo ba.

Sauran ba su da wuya. Kibiyar hagu Revelio ce mai tona abin da ke ɓoye (danna ta a duk ɗakin da ka shiga, ba ta ƙarewa), ta ƙasa maganin Wiggenweld mai mayar da lafiya, ta dama shafin jera sihiri. R1 na wurga abin da ke kusa, L1 da R1 tare kuma su saki babban harin da ake kira Ancient Magic (tsohon sihiri) idan ma'auninsa ya cika. Mai Xbox ya sa RT a madadin R2, Y a madadin alwatika, B a madadin da'ira.

Wurin gwaji mai kyau shi ne ƙungiyar fafatawa ta Crossed Wands da ke cikin makarantar Hogwarts ta wasan, inda akwai gunkin atisaye. In har yanzu faɗan na yi maka sauri, shiga saiti ka sauke wahalar zuwa Story, ka mayar da ita Normal idan hannu ya faɗa.