Kafin ka ɗora ayan a kan kibod ɗin nan, ka fara gano inda ciwon yake

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka kan kibod ɗin gwanjo da kake buga takardu da shi a shagonka can wajen Ringim: harafin A yana fitowa biyu-biyu, E kuma ya mutu murus, kana so ka san ko wanda bai taɓa riƙe ayan ɗin solda (ƙarfen wuta da ake liƙi da shi) ba, zai iya canza suwic, wato ɗan makunnin da ke ƙarƙashin kowane harafi, da kansa. Zai iya. Liƙa sabon suwic aikin minti ɗaya ne. Inda sababbin hannu suke kashe kibod shi ne wajen cire tsohon, domin suwic abu ne mai araha da ake samu a kasuwa, fanel ɗin da yake zaune a kai kuwa, wato allon da ke ɗauke da layukan lantarki, da wuya a samu ana sayar da shi shi kaɗai. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa don kare fanel ɗin ne.

Da farko ka tabbatar da irin kibod ɗin. Ka cire hular harafi ɗaya. Idan ka ga ɗan kai na roba mai siffar alamar tarawa, ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa, to irin Cherry MX ne ko masu kwaikwayonsa kamar Gateron, Kailh da Outemu, kuma ƙafafunsu a wuri ɗaya suke, ana iya musanya su. Idan tattausar roba ce a ƙasa mai lotsawa, wannan kibod ɗin ofis ne na yau da kullum, babu suwic ɗin da za a liƙa a cikinsa. Sannan idan ka buɗe, ka duba bayan fanel. Wasu kibod na zamani suna da ɗan soket a ƙarƙashin kowane harafi, ana zare suwic a soka wani ba tare da wuta ba. In naka irin wannan ne, ka huta. Sai dai soket ɗin Outemu ramukansa ƙanana ne, ƙafafun Cherry da Gateron ba sa shiga, kada ka tura da ƙarfi.

Ciwon A da na E ba lallai su zama ɗaya ba. A cikin kowane suwic akwai siraran ƙarafa biyu da suke haɗuwa idan ka danna. Ƙura ko tsatsa ta shiga tsakaninsu, sai su taɓa juna su rabu su sake taɓawa a dannawa ɗaya, kwamfuta ta ɗauka sau biyu ka danna. Mu da muke shan ƙurar hunturu wannan shi ne ciwon da ya fi yawa. Ka zare kibod daga kwamfuta, ka danna kan suwic ɗin ƙasa, ka ɗiga ɗigo biyu ko uku na sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi. Ka yi ta dannawa kamar sau hamsin, ka bar shi rabin awa ya bushe, sannan ka gwada. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da man keke. Mai yana tara ƙura, fetur kuma yana iya cin robar. Idan ya warke bayan kwana biyu ya dawo, ƙarafan sun gaji, sai canji.

Shi kuma E, sai ka buɗe. Ka ɗauki hoton kibod ɗin da waya kafin ka cire huluna, don mayar da su wurarensu yana rikita mutum. Ka yi hankali da dogayen maɓallai irin na tazara da Enter da Shift, akwai wayar ƙarfe a ƙarƙashinsu. Sukurori sukan ɓuya a tsakanin haruffa, ko ƙarƙashin robobin gindi, ko ƙarƙashin takardar da ke liƙe a baya. Idan ka ɗaga fanel kada ka fizga, wayar USB tana maƙale da shi ta wani ɗan farin soket. In mai batir ne, cire batirin kafin komai.

Ka jona kibod da kwamfuta yana buɗe, ka buɗe shafin rubutu, ka sa hantsaki na ƙarfe ka haɗa ɗigon solda biyu na ƙafafun E daga baya. Idan E ya fito, fanel lafiya lau, laifin suwic ne ko kuma liƙinsa ya tsage. Ka duba da fitilar waya: in akwai ɗan siririn zobe a kewayen ƙafar, liƙin ne ya saki, narkar da shi da ƙara sabuwar solda kaɗan ya wadatar. Idan kuwa ka haɗa bai fito ba, ko suwic goma ka canza ba zai yi ba. Ciwon yana ga diyod ɗin da ke kusa da shi, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, ko layin jan ƙarfen da ya tsinke. Ka sa mita, wato na'urar gwajin lantarki ta masu gyara, a wurin gwajin diyod: mai lafiya yakan nuna kusan 0.5 zuwa 0.7 ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ba ya nuna komai. Mafi yawa 1N4148 ne ko ƙaninsa ɗan ƙarami da ake mannawa a jikin fanel, kuma yana da gaba da baya, zanen da ke jikinsa shi ne alama. Ka kuma gwada maƙwabtan E. Haruffan kibod a jere suke, layi-layi a tsaye da a kwance. Idan 3 da D da C su ma sun yi shiru, layi guda ne ya yanke.

To, a ce suwic ne. Kayan da za ka nema, kuma akasarinsu akwai su a Farm Centre ko Beirut Road idan ka shiga Kano: ayan mai maɓallin daidaita zafi, mai baki fale-fale kamar na kurfi, faɗin milimita 2 ko kusa da haka. Baki mai tsini kamar allura yana burge sabon shiga, amma ba ya isar da zafi, sai mutum ya daɗe a kan fanel yana gasa shi. Wayar solda mai kaurin milimita 0.8, wadda aka rubuta 63/37 ko 60/40 a jikinta, wato kuza da dalma, mai fulas a cikinta, wato sinadarin da ke sa solda ta malale ta kama ƙarfe. Ƙarin fulas na kayan lantarki, wanda masu gyaran waya ke kira fes. Kada ka kuskura ka karɓi ruwan asid na masu liƙin lagireto ko bokiti, zai ci layukan fanel a hankali. Sai famfon zuƙe solda, da lagwanin jan ƙarfe mai tsotse narkakkiyar solda in ka samu, da suwic kamar goma ko da biyu kake buƙata. In ba ka samu suwic ba, ka ciro na Scroll Lock ko Pause, waɗanda ba wanda yake taɓawa, sai dai aikin cirewa ya ninka.

Wajen sayen suwic ka daidaita launi da na wurin, don shuɗi mai ƙara ne, ja kuma santsi, yatsa zai ji bambanci. Wani yana da ƙafa uku, wani biyar. Ƙarin biyun na roba ne, in fanel ɗinka ba shi da ramukansu ka datse su da abin yankan farce.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a karkara. Ayan na gama-gari mai wat 30 ko 40 da ba shi da madaidaici, idan wuta ta zo da rauni ba ya kai zafi, idan janareta ya yi sama kuma ya wuce kima. Akwai ƙananan ayan irin TS101 da Pinecil masu aiki da wutar batir daga bolt 12 zuwa 24. A kan batirin sola na bolt 12 ƙarfinsu wajen wat 20 ne kawai, suna jan ƙafa. Da cajar laftof ta bolt 19 sukan ba da wat 40 ko fiye, wanda ya isa. Ƙarfen da ake gasawa a garwashi kuwa, a bar shi ga masu liƙin kwano. Kuma kada ka zauna daidai ƙarƙashin fanka, iska tana sanyaya bakin ayan.

Kafin ka taɓa kibod, ka samo fanel ɗin mataccen rediyo ko tsohuwar DVD, ka cire abubuwa ashirin zuwa talatin ka mayar. Hannu da ido ne suke koyon wannan aikin, karatu ba ya maye gurbinsa.

Yanzu cirewa. Zare USB. A lokacin hunturu ka taɓa ƙofar ƙarfe ko wani babban ƙarfe tukuna, saboda tartsatsin da jiki ke tarawa a busasshiyar iska yana iya lalata ƙwaƙwalwar kibod. Ka saita ayan a digiri 350, ka goge bakinsa, ka shafa masa solda har ya yi ƙyalli. Abin da zai ba ka mamaki: kafin ka cire tsohuwar solda, sai ka ƙara mata sabuwa. Dalili kuwa, masana'antu yanzu suna amfani da solda marar dalma, wadda sai wajen digiri 217 take narkewa, alhali 63/37 tana narkewa a 183. Idan suka gauraya, sai ta narke da wuri, ta kuma daɗe tana ruwa. Ka ɗana famfo, ka ɗora ayan yana taɓa ƙafar suwic da zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ita lokaci guda, ka ƙirga uku har ka ga duk ɗigon ya zama ruwa, ka janye ayan ka kifa bakin famfo a kai nan take ka danna. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ta daskare.

In ramin bai fita tas ba, kada ka yi ta maimaitawa a kan busasshen rami. Ka bar shi ya huce, ka sake cika shi da sabuwar solda, ka sake zuƙa. Famfo yana jan ɗigo cikakke fiye da ɗan saura da ya maƙale a ciki. Ka riƙa zubar da abin da ya tara, ka kuma duba bakinsa bai toshe ba. Bayan haka ka taɓa kowace ƙafa da hantsaki. Dole ta yi motsi a cikin raminta. Wadda ba ta motsi har yanzu a liƙe take. Wasu masana'antu suna lanƙwasa ƙafar a kan fanel, irin wannan sai ka miƙe ta yayin da soldar take ruwa, ba bayan ta daskare ba.

Idan kibod ɗin mai fitila ne, duba ko ƙwan ya ratsa ta cikin suwic. In haka ne ɗigo huɗu za ka zuƙe, kuma ƙwan ne zai fara fita. Ka lura da gefen da aka sa alamar tarawa a fanel, nan doguwar ƙafar sabon ƙwai take shiga. Wanda ka ciro an riga an datse ƙafafunsa, don haka ka ajiye shi yadda ya fito. In ƙwan a manne yake a jikin fanel, kada ka taɓa shi, amma ka sayi suwic mai tagar da haske zai bi.

Suwic yana riƙe da farantin ƙarfen da ke saman fanel ta wasu 'yan haƙora biyu, sama da ƙasa. Ka matse su daga gaba, ka tura ƙafar robar tsakiya daga baya da yatsa. In komai ya saki, da ɗan turi kaɗan zai fito. Ya ƙi, ka koma kan ayan. A nan ne ake asara: mutum ya sa sukundireba ya ɓanɓare, suwic ya fito da zoben jan ƙarfe manne a ƙafarsa. Zoben nan gam ne kawai yake riƙe da shi, zafi mai tsawo yana kashe gam ɗin, ƙarfi kuma ya ƙarasa shi. Fanel masu araha da layukansu ke gefe ɗaya sun fi saurin yin haka.

Sa sabon ba wuya. Ka duba ƙafafunsa a miƙe suke, ka gwada shi da mita a wurin gwajin haɗuwar layi, ta yi ƙara idan an danna shi, ka tura shi har ka ji ya ce ƙyas a cikin faranti. Ka juya ka ga ƙafafu biyun duk sun leƙo. Sau da yawa ɗaya takan naɗe a ƙasa ba a sani ba. Ka rage zafi zuwa 320 ko 330. Ayan ya taɓa ƙafa da zobe na daƙiƙa ɗaya, ka kawo solda ta ɗaya gefen ta taɓa wurin, ba bakin ayan ba, ka bar ta ta malale, ka janye solda, sannan ka janye ayan. Duka kada ya wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu. Liƙi mai kyau yana tashi kamar jinkar rumbu, mai sheƙi, kan ƙafar yana leƙowa a tsakiya. Idan ya dunƙule ya zauna a sama, zoben bai ji zafi ba, zai yi aiki yau ya daina gobe. Ka shafa fes ka sake narkarwa. Idan ya yi yawa har ya taɓa maƙwabcinsa, za ka ga harafi yana fitowa da kansa ko biyu suna fitowa tare, sai ka zuƙe.

In tsautsayi ya sa zobe ya tashi, kibod bai mutu ba. Ƙafa ɗaya ta suwic tana zuwa diyod ɗinsa, ɗayar tana haɗe da ƙafar wani suwic a layinsu. Ka bi layin da ido, ka tabbatar da mita, ka ɗauko siririyar waya mai rufi daga tsohuwar wayar USB, ka liƙa daga ƙafar zuwa wurin da layin ya nufa. Ba kyan gani, amma a ciki take.

Soldar nan akwai dalma a cikinta, kuma kowa ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Kada ka riƙe wayar da baki don hannu ya yi maka kaɗan, kada ka ci goro ko wani abu kana cikin aiki, ka wanke hannu da sabulu in ka gama. Ɓurɓushin da famfo ke zubarwa ka tara a gwangwani mai murfi, nesa da inda yara ke rarrafe. Hayaƙin da ke tashi na fulas ne, yana damun ƙirji, ka buɗe taga ka kawar da fuska.

Kafin ka ɗaure sukurori, ka goge ragowar fes da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe, ka jona ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ka taɓa ba. Idan gwajin hantsaki ya nuna layi guda ne ya mutu, kuma bin layin ya kai ka har ƙafafun ƙwaƙwalwar kibod ko soket ɗin USB, nan kam ka tsaya, ka kai wa mai gyaran waya da ke da ayan mai hura iska da madubin ƙara girma, ka nuna masa daidai inda mita ta daina ƙara.