Amsa kan girgizar ƙasa mai maimaituwa, kafin ka rubuta komai

Salamu alaikum, toh ƙanena naji saƙonka, kace ka kunna REDPy, manhajar zaƙulo girgizar ƙasa mai maimaituwa, a baƙin allon rubuta umarni na kwamfuta, ta tara maka girgiza kala ɗaya da yawa kana tambayar wane umarni ne na gaba. Ni dai a ganina ba umarni kake nema ba, so kake ace maka abinda ya fito girgizar ƙasa ce, toh ba lallai bane wallahi.

Kaga ita manhajar nan ba ta san girgiza ba, zane kawai ta sani. Duk inda layin na'urar auna motsin ƙasa yayi tsalle sai ta yanko wurin, ta ɗora wannan kan wancan ta auna kamanninsu, in kamannin sun kai kamar 0.7 cikin 1 ta haɗa su gida ɗaya, wanda bai samu ɗan'uwa ba ta ajiye shi cikin marayu. Dalilin kuwa in wuri ɗaya a tsagin dutse ya sake zamewa, motsin hanya ɗaya zai bi ya iso tashar awo ɗaya, dole zanen yazo iri ɗaya, haka ake gani a Parkfield can Kalifoniya kan tsagin San Andreas. Amma fa nakiyar masu fasa dutse ma haka take, rami ɗaya, hanya ɗaya, tasha ɗaya, kuma mu nan daga Bauchi har Ashaka ina ne ba a fasa dutse?

Abin nan ya taɓa ci min rai sosai. Muna wani aiki mu huɗu, manhajar ta haɗa mana gida guda mai kyau, kowa na murna, na zauna na jera lokutan da hannuna naga duk tsakanin azahar da la'asar suke faɗowa, babu ko ɗaya da dare, babu ranar Lahadi. Nace jama'a ƙasa ba ta hutun Lahadi, wannan nakiya ce. Saboda nine ƙarami aka ce in bari manya suyi magana, aka rubuta shi a haka, sati uku ina bin su da takardar lokutan nan ba wanda ya karɓa ya duba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don haka jera lokutan tukuna. Au, tsaya, lokacin da ke cikin fayil ɗin UTC ne, wato agogon duniya, sai ka ƙara awa ɗaya kafin ya zama agogonmu, kar ka manta wannan. Kuma ba cewa nayi ƙasarmu ba ta motsi ba, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna 2016, an ji a Mpape ta Abuja 2018, ga cibiyar nazarin motsin ƙasa ta Toro nan kusa da mu aikinta kenan. Tasha ɗaya ce dai ba ta isa ka yanke hukunci, nemi ta biyu.

Turo min lokutan da daddare in gani.