An canja abin da likita ya rubuta a fayil ɗina, kamfani kuma ya ce ba a wurin aiki na ji ciwo ba

Wani bawan Allah ya turo min saƙo daga Kano, ya ce yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, wata biyar da suka wuce inji ya kama masa hannun dama, aka kwashe shi zuwa asibitin da kamfanin ke hulɗa da shi, a gabansa likita ya rubuta cewa inji ne. Yanzu yatsu uku sun daina lanƙwasuwa, da ya tada maganar diyya sai aka fito masa da rahoto wai tsohon ciwo ne na haɗarin babur, har kwanan watan ma an sauya. Yana tambaya ya je ya yi musu tijara a asibitin ne ko ya kai ƙara wajen 'yan sanda.

To Malam, da farko Allah Ya ƙara sauƙi. Amma don Allah kar ka je ka yi hayaniya tukuna, ranar da suka gane ka farga ranar fayil ɗin zai yi ƙafa, sai ka ji ana cewa an neme shi ba a gani ba. Ka rubuta takarda cikin ladabi kana neman kwafin fayil ɗinka gaba ɗaya, ba rahoton da suka taƙaita ba, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba ka damar ganin abin da aka ajiye a kanka, ba alfarma za su yi maka ba.

Kuma ka sani ba kowane gyara ne laifi ba, likita yana iya kuskure ya gyara, amma yadda ake yi shi ne ya ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta na farkon, ya sa hannu ya sa kwanan wata. Goge rubutu ko cire shafi ko mai da inji ya koma babur, wannan kam wani abu ne daban. Sashe na 29 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce wanda ya ƙara ko ya goge ko ya canja bayani a fayil don ya gurɓata shi, ana iya ɗaure shi har shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. Tarar dai a yau ba ta tsorata kowa, abin da likita ke tsoro shi ne MDCN, hukumar da ke ba su lasisi, don in ka kai koke da takardar rantsuwa aka same shi da laifi ana iya dakatar da shi ko a soke sunansa gaba ɗaya.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne nan: mai canja fayil shafin likita kawai yake tunawa, yana manta cewa ranar da aka kawo ka an rubuta sunanka a rijistar karɓar marasa lafiya, nas ta yi nata rubutun, an ba ka magani an yanka rasit, hoton ƙashin da aka ɗauka yana ɗauke da kwanan wata a jikinsa, ga littafin shiga aiki na kamfani da zai nuna kana bakin aiki a ranar, ga abokan aikin da suka ɗauke ka, ga saƙonnin WhatsApp da ka tura wa iyali, duk ka tattara su ka ɗau hotonsu. In asibitin da kwamfuta suke aiki ma ya fi, don akasari tana ajiye wanda ya shiga ya taɓa da lokacin da ya taɓa, kotu kuma tana iya ba da umarni a kawo, in suka ɓoye, dokar shaida ta yarda alƙali ya ɗauka abin da aka ɓoye ba zai yi musu daɗi ba ne. Sannan ka je asibitin gwamnati kamar Asibitin Ƙashi na Dala wani likitan ya duba ka, mai wannan sana'ar in ya kalli hoton farko yana bambance sabon karaya da tsoho.

Maganar diyya kuma tana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, ita ke biya daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da kamfanoni ke zubawa. Kai doka ta ce ka sanar da kamfani cikin kwana 14, su kuma su sanar da NSITF cikin kwana 7, ni ina zargin ba su yi ba, shi ya sa ake ta wannan kwana-kwanar. Shekara ɗaya gare ka daga ranar da abin ya faru ka shigar da buƙatarka, wata biyar sun riga sun tafi, kar ka tsaya jiran a gama rigimar fayil, ka je ofishin NSITF ka cike fom ka haɗa da wasiƙa cewa ba ka yarda da rahoton asibitin ba. In suka hana ka, kana da kwana 180 ka nemi su sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kano.

'Yan sanda suna nan ba su gudu ba, amma sai takardu sun shiga hannunka. In manaja ya kira ka da 'yan kuɗi wai ka sa hannu a rufe magana, ka ce sai lauyanka ya karanta, dokar ma ba ta yarda ma'aikaci ya yafe diyyarsa ta hanyar yarjejeniya da kamfani ba. In babu kuɗin lauya ka nemi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta, ka tafi da katin asibiti da rasitai da hoton ƙashin da takardar ɗaukarka aiki.