Amsa Ga Mai Littafi Na Biyu Da Ya Cije

Assalamu alaikum. Ɗan uwa, ka ce jaruminka ya karya tsafin boka a littafi na ɗaya, an miƙa masa sarauta ya ƙi, kuma yau wata takwas ka kasa haɗa shafi goma na littafi na biyu. Wannan shi ne abin da ya same ni, har na kusa ajiye alƙalami.

Nawa jarumin ɗan maƙeri ne da ya gaji zoben da aljanu suke yi wa biyayya, alhali ba ya so. Kuskurena shi ne na bar shi yana ta nanata ƙin nan babi bayan babi, har wata mai karatu ta rubuto mini cewa idan ba ya so, ai sai ya ba wani. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Abin da na koma yi shi ne na sa ƙin nasa ya jawo wa wasu asara: ranar da ya ƙi hawa gadon sarauta, a daren aka ƙone unguwar maƙera. Zoben ma na ɗora masa farashi, duk lokacin da ya murza shi sai ya manta sunan mutum ɗaya cikin danginsa, har ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya rasa abin da zai kira ta.

Ina cikin wannan fama ne wani da na tura wa littafi na ɗaya domin ya duba mini kurakurai ya karanta shi a YouTube ba da izinina ba, sannan ya ƙirƙiri nasa ci gaban. A teburin mai shayi na fara jin sa daga wayar wani yaro, ana kiran sunan jarumina, an naɗa shi sarki tun babin farko, har an yi masa mata huɗu. Ko shayin ban iya shanyewa ba. Da na kira mutumin da ya yi wannan aikin, cewa ya yi wai tallata ni yake yi, kamata ya yi in gode masa. Mako uku ban rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma har yau akwai masu ɗaukar nasa a matsayin na asali. Don Allah kada ka tura wa kowa cikakken rubutunka.

Game da yadda za ka tsara rikicin fada a labarinka kuwa, ka koma ka karanta yaƙin basasar Kano. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗan marigayin, Galadima Tukur, a matsayin Sarkin Kano, sai Yusufu ɗan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya fice da jama'arsa zuwa Takai. Yusufu ya rasu kafin a ci gari, ɗan uwansa Aliyu Babba ne ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. 'Yan uwa ne, kowane ɓangare yana ganin haƙƙinsa yake nema, kuma daga nan na gane cewa mugun boka guda ɗaya ba zai riƙe littafi na biyu ba. Ka ba Madaki da Makama na labarinka dalilin da zai sa mai karatu ya rasa wanda zai bi.

Masu tambayar ina ci gaba kuwa, ka ba su haƙuri kawai. Ni sai da na kai babi na ashirin kafin na saki na farko.