Ƙurar garinku ce za ta tsufar da tankarka

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan fili na aikin hannu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ƙera ƙananan tankokin yaƙi suke, don haka na zaɓi huɗu. Ta farkon ce za ta ci mana wuri, domin ita ce damuwar kowa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a wajen Ringim. Na ƙera tankar yaƙi da kwali da gwangwanin madara, na shafa mata koren fenti. Kowa ya gani sai ya yaba, amma ni in na ajiye ta kusa da hoton ta gaske sai in ga kamar kayan wasan yara. Me ya rage?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya iya ganin aibin aikinsa alhali ana yabonsa, ya kama hanya. Abin da ya rage wa tankarka shi ne shekaru. Ka ba ta jiki, ba ka ba ta wahalar da ta sha ba.

Kafin ka sake taɓa buroshi, nemi inda ake aikin hanya ka tsaya kusa da katafila na rabin awa. Ita ce 'yar'uwar tanka da muke iya gani a karkara, tunda su biyun a kan sarƙa suke tafiya. Ni a nan ƙauyenmu, tsakanin Gumel da Maigatari, wajenta na koyi yawancin abin da na sani. Dubi sarƙar: inda take taka ƙasa fari ne tas yana sheƙi kamar bakin fartanya a tsakiyar damina, tsatsa kuwa tana can cikin lungunan da ba abin da ke gogarsu. Dubi inda direba ke dafawa ya hau, fenti ya suɗe har ƙarfe ya fito. Dubi murfin tankin mai, man da ya zuba ya kama ƙura ya zama baƙin tabo mai gangarowa ƙasa. Komai da dalilinsa. Kuskuren da na fi gani wajen yara shi ne su bi tankar gaba ɗaya da tsatsa kamar wadda aka tono daga rijiya. Tankar da ke bakin aiki ba ta yin haka, sojoji suna kula da ita.

To, ga yadda nake yi. Da farko kashe ƙyallin fentin. In fentin mai ne a hannunka, zuba masa 'yar hodar jarirai ka dama, zai bushe ba sheƙi. Ka kuma sirka koren da ɗigon fari ko rawaya, domin abin da ido ya hango daga nesa launinsa yakan dushe, kamar yadda bishiya ke yi a cikin hazo. Ni na fi son fentin ruwa, bayan na shafe kwalin da farin gam na Top Bond da aka tsinka da ruwa, sau biyu, don kada ya jiƙe ya lanƙwashe.

Sai baƙin ruwa. Ɗauki fenti ruwan ƙasa mai duhu ka tsinka shi sosai har ya koma kamar shayin da ba madara. Da bakin buroshi za ka ɗiga shi a gindin kowace ƙusa, da gefen ƙofofi, da duk wani tsagi. Shi da kansa zai bi layin ya kwanta. Nan take za ka ga abubuwan da ka sha wahalar mannawa sun fito, domin inuwa ta shiga tsakaninsu. In da fentin ruwa ka haɗa, sa ɗigon ruwan sabulu don kada ya dunƙule. In da fentin mai da kananzir ne, bari fentin ƙasan ya yi mako guda, in ba haka ba zai ɗaga shi.

Suɗewar fenti kuwa da soson katifa ake yi. Yago ɗan ƙanƙani, tsoma a fenti mai duhu, goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka dangwala a kusurwoyi da inda ƙafa ke takawa. Kaɗan. In kana ganin bai isa ba, to a nan ya isa. Bayan haka goga bakin fensir a gefunan sarƙa ka murza da yatsa, zai ba ka sheƙin ƙarfe wanda babu fentin da zai ba ka. Tsatsa kuma kana iya haɗa ta gaske: jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan gishiri, bar shi kwanaki har ya ci, ya bushe, ka murje shi gari. Wurinsa salansa, saboda zafi ne ke cinye fentin wajen. Bakin salansar kuma ka sa masa baƙin gindin tukunya.

Ƙura ce ƙarshe, ita ce kuma nake so ka riƙe. Masu wannan sana'a a Turai kuɗi suke sawa su sayi garin launi a 'yan kwalabe, mu kuwa a kai muke tafiya. Ina da gwangwanaye uku a ɗakina: farin rairayin jigawarmu, jar ƙasar da na ɗebo a ramin da ake haƙar marmara, da baƙar lakar fadama da wani ɗalibina ya kawo mini daga wajen Hadejia. Kowacce na daka ta a turmi, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da tsohon gyale, sai abin da ya fita kamar hoda nake amfani da shi. Da busasshen buroshi nake ɗora ta, mai yawa a ƙafafu da ƙarƙashin madigadi da baya inda sarƙa ke watso ta, tana raguwa in ana hawa sama. Sai in jiƙa ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, in tsinka shi sosai, in ɗiga a gefen ƙurar ya tsotsa da kansa. Kada ka shafa, za ta koma taɓo. Kuma ƙasar da ka sa a jikin tankar, ita za ka shimfiɗa a filin da za ta tsaya. Tanka mai jar ƙura a kan farin rairayi, ko yaro ya san ba nan ta biyo ba.

Tambaya: Malam, ina ganin ana rubuta 1:35 a hotunan intanet. Me ake nufi, kuma dole ne sai na sayi na kwali daga waje? Daga wani mai gyaran waya a Ɗambatta.

Amsa: Ƙanena, ma'anarsa kowane santimita 35 na tankar gaske ya koma santimita 1 a taka. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan awo tun farkon shekarun 1960, da wata tankar Jamus mai suna Panther da suka yi daidai girman da zai ɗauki batir da ɗan inji. Ɗauki T-55 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wadda sojojin Najeriya ma sun yi amfani da ita. Tsawonta har bakin igwa kimanin mita 9 ne, in ka raba da 35 ka sami kusan santimita 26. Tsayinta kusan mita 2.4, wato bai kai santimita 7 cikakku ba. Ka ga ashe gajera ce, a kwance take, yawancin masu ƙera ta da ka kuwa sukan yi ta doguwa kamar rumbu. Ƙafafunta biyar ne a kowane gefe, da tazara mai faɗi tsakanin ta farko da ta biyu, sarƙar saman kuma a kan ƙafafun take kwanciya ta ɗan saki. Salansarta a hagu take. Ka kiyaye waɗannan, wanda ya san ta zai gane ta daga nesa.

Sayen na waje ba dole ba ne. Da totuwar kara muka fara ƙera mota muna yara, hannun nan ne dai, rula kawai aka ƙara masa. Abu ɗaya nake roƙonka: hotunan da za ka auna ka nemo su a intanet ko littattafai. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki motar sojoji a shingen bincike ko ƙofar bariki.

Tambaya: Malam, na yi wa tankata fili da laka a kan falanki, da ya bushe sai ya tsattsage, katakon ya bankare. Bayan wata biyu kuma ƙwari suka fito. Daga wata malamar firamare a Birnin Kudu.

Amsa: Malama, wannan ya taɓa samuna. Na taɓa kwashe sati uku ina gina fili da kunun rogo a madadin gam, damina na shigowa ya yi furfura, kyankyasai suka cinye sauran. Ranar da na ɗaga ƙyallen da na rufe shi na gani, raina ya ɓaci ƙwarai. Tun daga nan duk abin da ake ci ba ya shiga aikina, ƙaron ma ɗan kaɗan ne a jikin tanka kawai.

Laka zalla dole ta tsage, domin tana tsukewa in ruwa ya fita, shi ya sa magina ke cuɗa ta da ciyawa. Ki fara shafe falankin da fenti ciki da baya don kada gefe ɗaya ya sha ruwa ya ja ɗayan. Tudu da kwari ki yanka su da farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ki manna da Top Bond, domin sufa gulu da fetur narkar da ita suke yi. Sannan ki kwaɓa ƙasa da garin katako da gam, ki shafa siriri, kada ya wuce rabin santimita, ya bushe a inuwa. Ƙasar kuwa ki soya ta a kasko tukuna, wuta ta kashe ƙwayayen ƙwari da irin ciyawa. In kwaɓin ya fara ɗaurewa, shimfiɗa leda ki danna tankar a kai, ta nutse kaɗan ta bar sawu a bayanta. Tanka irin T-55 mai nauyin tan 36 ba ta tsayawa a kan yashi kamar kaza.

Ki tuna da awo a nan ma. Tsakuwa mai milimita 2, a wannan fili dutse ne mai santimita 7. Busasshiyar saiwar sabara tana ba da bishiya mai kyau in an kifa ta, zaren igiyar rama da aka yayyanka kuma ciyawar rani ce sak. In gawo za ki yi, kada ki manta shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe. Tankar kuma kada ta yi daidai da gefen katakon, ki ɗan karkata ta.

Tambaya: Malam, yarona yana son ya sa 'yan sojoji na roba a filinsa, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da mutum-mutumi a gida ba. Filin zai yi kyau babu su? Daga wani magidanci a Kazaure.

Amsa: Alhaji, hukuncin wannan na malaman addini ne, su za ka tuntuɓa. Abin da zan iya gaya maka shi ne ni ma ba na sawa, kuma ban taɓa jin filina ya rasa mutane ba. Wanda ke kan teburina yanzu T-55 ce a gindin gawo, ƙofar samanta a buɗe. Na saƙa 'yar tabarma da zaren buhu, tsawonta santimita 5, na shimfiɗa a inuwa. Gefenta buta ce da na sassaƙa da guntun roba, da duwatsun murhu uku da toka ta gaske a tsakaninsu, da takalma ƙafa huɗu a jere, domin mutum huɗu ne ke aiki a cikin irin wannan tanka. Da maƙwabcina ya leƙo ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko masallaci suka tafi. Ka ce wa yaron ya fara da tabarmar, in ya gama ya aiko mini da hotonta ta adireshin mujalla.