Wasan Al'adu a Jami'a: Amsa ga Mai Koyon Aikin Sauti

Ka tambaye ni ko lasifikokinmu huɗu za su isa wasan da ƙungiyoyin ɗalibai takwas za su yi a filin jami'a. Za su isa, yaro. Abin da ke wargaza irin wannan taro shi ne sauyin ƙungiya da ƙungiya, domin kowane kiɗa da irin makirufon da yake so.

Tun saura mako guda, ka sa kowace ƙungiya ta rubuto maka mutum nawa za su hau dandamali da kayan kiɗan da za su zo da su. Da wannan takarda za ka raba layukan miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo duka ta aika wa lasifika. Mai layi 16 ya wadatar, amma ka bar biyu a ajiye.

Goge shi ne mai wahala. Tsirkiya ɗaya ce, muryarsa siririya, ganguna na tashi sai ya ɓace. Kusanto masa da makirufo kamar faɗin tafin hannu daga ƙoƙon, ka kuma kawar da lasifikar dandamali daga gabansa, in ba haka ba ƙara ce za ta cika fili. Sarewar Fulani ma haka take. Mai kalangu ba ya tsayuwa wuri ɗaya, yana bin maroƙi, saboda haka maƙala masa ƙaramin makirufo a jikin gangar, inda ba zai taɓa igiyoyin da yake matsawa a hammata ba. Algaita da kakaki kuwa, kada ka kusanto musu da komai; taku biyu nesa ya ishe su. Ogene na Ibo ƙarfe ne, rage masa kaifin sauti a miksa don kada ya huda kunnen jama'a. Gangunan bata na Yarabawa fuska biyu gare su, babba da ƙarama, kowace da muryarta. Masu rawar suwange na Tibi fili suke bukata, sai ka kwashe sandunan makirufo kafin su shigo.

Jera su yadda masu kaya iri ɗaya za su biyo juna. Minti 15 ga kowa, minti 5 na sauyi, mai gabatarwa ya cike gurbin da barkwanci. A gwada sauti da rana, kowace ƙungiya minti 10. A tsaya kafin magariba, ko a fara bayan isha'i. In ka sa wata ƙungiya a lokacin sallah, za su yi wa kujeru wasa, su ce an yi musu da gangan.

Janareta ya yi nisan mita 30 daga dandamali, kada a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Raba layin fitilu da na sauti, don haɗa su ke kawo gunjin nan da ake ji a lasifika. Masu rawa da waƙar da aka naɗa, karɓi nasu a filash tun ana gobe wasa; wayar hannu tana iya yin ƙara a tsakiyar rawa.

Sai liƙi. Ba za ka hana shi ba, amma don kada masu liƙi su yi tuntuɓe, manne wayoyin sauti a ƙasa da salatif, ka bi da su ta bayan dandamali. Kuma kada ka sauke ko lasifika ɗaya daga mota sai ka ga takardar izini daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, da sa hannun masu tsaron makaranta.