Me ya sa manyan wasannin waƙa na Broadway ke rufewa da wuri?

Malama, kin tambaya me ya sa ake zuba miliyoyi a wasa sannan a rufe shi kafin ya shekara. Kuɗi ne, amma ba wanda aka kashe tun farko ba, na kowane mako.

A Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, wasa sau takwas ake yi a mako. Ko zaure ya cika ko bai cika ba, dole a biya 'yan wasa, makaɗa, masu fitila, masu ɗinki da hayar zaure. Makonni kaɗan na kujeru wayam, masu jari sun janye hannu. Haka ta faru da wani wasa mai suna KPOP a Disambar 2022, wasa 17 kacal bayan buɗewa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wasan Beetlejuice. A yarjejeniyar haya akwai sharaɗin cewa idan ciniki ya gaza wani adadi makonni biyu a jere, mai zaure na iya cewa a tashi. Da wannan sharaɗi aka yi amfani a 2019 aka ce Beetlejuice ya tashi daga zauren Winter Garden don a ba wani wasa mai suna The Music Man, alhali lokacin ciniki ya farfaɗo, matasa sun yi masa caa a TikTok.

Masoya kuwa abin na taɓa su ƙwarai. Da zarar an sanar da ranar rufewa sai rububin tikiti, wasu su kalla sau uku sau huɗu. A daren ƙarshe a miƙe ana tafi da hawaye, sannan a yi dafifi a ƙofar baya ana jiran 'yan wasa su sa hannu a Playbill, ɗan littafin bayanin wasa da ake raba wa 'yan kallo. Beetlejuice ma ya dawo a 2022, a zauren Marquis.